Babi na 7: Zaɓen Lokacin Tafiya a Ƙasa Mai Yanayi Iri-iri

Darasi na 1: Rubuta sunan gari

Iyayena da 'yan'uwana, ku ɗauko littafin rubutu da fensir, ku buɗe sabon shafi. A can sama, ta hannun hagu, ku rubuta kalma ɗaya: GARI. A gabanta ku rubuta sunan garin da za ku sauka. Sunan gari na ce, kada a rubuta sunan ƙasa.

Na daɗe ina koyar da wannan babi, kuma a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Sai in ce a rubuta gari, in zagaya ina duba littattafai, in tarar an rubuta "Indiya". Indiya ƙasa ce. Ba komai, kowa da haka ya fara. A goge a hankali, a sake rubutawa.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. Mu ɗauki watan Yuli a Indiya. A birnin Mumbai, bakin teku, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, tituna su cika, jiragen ƙasa su makara. A wannan watan dai, garin Leh da ke can arewa cikin duwatsun Himalaya yana samun rana, ƙanƙarar da ta toshe hanyoyi ta narke, lokacin ne ma baƙi suke zuwa. Shi kuwa birnin Chennai, babban ruwansa sai daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda ya tambaya "wane wata ya fi kyau a je Indiya?" babu mai iya ba shi amsa ta gaskiya sai an tambaye shi: wane gari?

To, a sake duba shafin. Me aka rubuta a gaban GARI? In tafiyar ta garuruwa biyu ce, a rubuta biyun, kowanne da layinsa. In uku ne, layi uku. Sannu da ƙoƙari.

Darasi na 2: Karanta jadawalin yanayi

Jadawalin yanayi takarda ce mai gida-gida, tana nuna zafi da ruwan kowane wata. Ana samun ta a littattafan matafiya da kuma intanet. Wanda bai saba da waya ba, ya sa ɗansa ko jikansa ya nemo masa, babu abin kunya a ciki.

Kafin ku karanta ko lamba ɗaya, ku ɗora yatsa a saman jadawalin. Sunan wa ke wurin? Ku gwada shi da abin da kuka rubuta a gaban GARI, harafi da harafi. In bai zo daidai ba, jadawalin wani gari ne, a ajiye shi.

Watanni 12 suna jere daga hagu zuwa dama. Sau da yawa harafin farko kawai ake sawa, kuma da harshen waje. Za ku nemi Y na Yuni da Yuli ku rasa, sai J har guda uku. Kada hankalinku ya tashi, ku ƙirga gidajen da yatsa: gida na 1 Janairu, na 6 Yuni, na 7 Yuli, na 12 Disamba.

A ƙarƙashin kowane wata akwai lambobi iri biyu. Wadda take da ɗan ƙaramin zobe a kafaɗarta, kamar haka 40°, ta zafi ce, ana ce mata digiri. Wadda take da mm a gabanta ta ruwan sama ce, wato milimita. Wani dattijo a ajinmu ya taɓa ɗora yatsa a kan Yulin Mumbai, ya ga lambar ta haura 700, ya riƙe baki yana salati, ya ce ai mutanen nan sun ƙone. Lambar ruwa ce ya karanta. Muka nemi zoben tare, da ya gane sai ya rubuta shi babba a bangon littafinsa don kada ya manta.

Mu gwada da Delhi. A watan Mayu zafin rana yakan wuce 40°. A Janairu kuma sanyin dare yakan sauko ƙasa da 10°, ga hazo mai kauri da yake hana jiragen sama tashi a kan lokaci.

Yanzu zan faɗi magana, ku yi haƙuri da ni. Makon jiya na karɓi littattafai, mutum huɗu sun kawo mini jadawalin Delhi alhali Chennai suka rubuta za su je, wai ai duk Indiya ce. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ku manya ne, kun yi tafiye-tafiye kafin a haifi wasunmu. Yatsa a saman jadawali, ido a kan sunan gari, sannan a fara karatu. Wanda ya sake kawo mini na wani gari, da kansa zai koma darasi na 1.

Darasi na 3: Tudu

Gari in yana kan dutse ya fi sanyi. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Leh yana kan tsayin kusan mita 3,500. A tambayi tsayin garin, a ɗauki rigar sanyi.

Darasi na 4: Kudancin duniya

A Ostireliya da Ajantina da Afirka ta Kudu lokutan a juye suke: Disamba zafi, Yuli sanyi. A Ostireliya, daminar Darwin daga Nuwamba zuwa Afrilu take, sanyin Melbourne kuma daga Yuni zuwa Agusta. Nan ma a duba gari.

Darasi na 5: Zaɓi

A ja layi a ƙarƙashin watanni biyu masu ƙarancin ruwa da matsakaicin zafi. A zaɓi ɗaya.

Aikin gida: a yi wa gari ɗaya, a kawo ranar Litinin.