Yadda na magance hakin dokina kafin hawan sallah

Daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka kawai, dokina ya jiƙe sharkaf yana haki. Na shafa haƙarƙarinsa, ban ji ƙashi ba sai kitse. Mu a Zariya muna son doki ya cika ido, amma kitse yana riƙe zafi, ya wahalar da zuciya, gaɓoɓi da kofato.

Na rage masa dawa da dusa a hankali, na bar shi da ciyawa da harawa, ana zagayawa da shi da sassafe. Sai kaya: mahayi da sirdi da ado kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, don haka wurin atisaye ƙanena marar jiki ke hawa. Yanzu bayan sukuwa numfashinsa na daidaita da wuri.