Kurakuran da masu sayen tsofaffin motocin Amurka suka fi yi

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen fenti. Mutum zai ga Ford Mustang ta 1965 tana walƙiya, ko akori-kura Chevrolet C10 da aka yi wa sabon ja, hankalinsa ya tashi, ya manta da leƙa ƙasanta. Alhali tsatsa ce ke kashe waɗannan motoci, kuma daga ciki take ci. A jihohi irin su Michigan da Ohio gishiri ake watsawa a kan titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa masu neman mai lafiya suke tafiya Arizona ko California, inda iska a bushe take. A tsohuwar Mustang, ruwa kan shiga ta ramukan iskar da ke gaban gilashi ya ruɓar da daɓen ƙarƙashin ƙafa. Ka ɗaga kafet ka duba da idonka. A C10 kuwa, kusurwoyin bayan kan motar da ƙasan ƙofofi ne suke fara lalacewa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kama bodi, to ba ƙarfe ba ne a wurin, fila ce aka cusa aka shafe da fenti.

Sai maganar baƙin mai, wadda ita ce ta fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yin ɓarnar. Mai mota zai sayi mai mafi tsada na zamani yana ganin gata ya yi wa injinsa. Amma injin V8 (mai silinda takwas) na wancan zamani, irin ƙaramin na Chevrolet da ya fito a 1955, kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul ɗin injin, gogayya yake yi kai tsaye da ƙarfe, kuma yana bukatar sinadarin ZDDP, wanda aka rage a man zamani don kare na'urar tace hayaƙi. Idan babu isasshensa, kamshaf zai cinye a hankali. Ka nemi man da aka yi musamman don tsofaffin injuna. Fetur ma haka: wanda aka gauraya da itanol, wani nau'in sifirit, yana cin tsofaffin tiyo da robobin kafireto, musamman idan motar ta daɗe a ajiye. A sauya su da robar zamani.

Birki kam ba wurin taurin kai ba ne. Yawancin motocin da aka ƙera kafin 1967 layin man birki ɗaya gare su, idan ya tsiyaye a wuri guda ƙafafu huɗun duka sun tafi. Wasu na ƙin canzawa don kada motar ta rasa asalinta. Ni dai ina ganin a sa mai layi biyu, a ajiye tsohon a kwali saboda ranar sayarwa.

Kada a manta Ford ɗin da aka ƙera kafin 1956 batir mai bolt 6 take amfani da shi, kuma kan fozitif ake haɗawa da bodi. Wanda ya jona mata na 12 yadda ya saba, zai ƙone kwan fitila da agogunan dashbod. Sifana ma a kula: notinan motocin nan da inci aka auna su, na milimita zai murje musu kai ne kawai.