Yadda na gyara motar Ford Mustang ta 1966 mai harbi ta kafireto

Injinta samfurin Ford ne da ake kira 289, silinda takwas. Motar tana tashi da kyar, tana karkarwa, kafireto na tofar da wuta. Na wanke kafireto, na sa sabon kwantak (maɓallin da ke buɗewa da rufewa don ba filogi wuta) a tazarar inci 0.017, shiru.

Ashe mai ita na da ya jera wayoyin filogi da tsarin ba silinda wuta bi da bi na wani injin Ford daban, 351W, wato 1-3-7-2-6-5-4-8. Na 289 kuwa 1-5-4-2-6-3-7-8 ne, matuƙar ba a canza kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ba. A kula, rotar distributa (abin da ke raba wa filogi wuta) tana juyawa saɓanin hannun agogo, kuma silinda 1 zuwa 4 suna gefen fasinja, daga gaba zuwa baya. Nan mutane ke ruɗewa, don lissafin silinda na injin Chevrolet daban ne.

Na sake jera wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Bugu ɗaya ta tashi, karkarwar ta kwanta.