Kula da mai tumbi, hawan jini da suga idan korona ta kama shi

Aikin jinya nake yi a nan Sakkwato, kuma da hunturu ya kama hankalina kan koma kan dattijan da tumbi, hawan jini da ciwon suga suka tarar musu wuri guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan, kuma irin waɗannan ta fi kayarwa.

Tun ana lafiya ake duba ko Baba ko Inna na cikinsu. Abubuwa 5 ne, wanda ya haɗa 3 ya shiga sahu. Ari tef ɗin tela, a zagaya daidai cibiya, ban da jan ciki: inci 37 ga namiji, 31 da rabi ga mace, daga nan an shiga haɗari. Awon jini 130 bisa 85 zuwa sama. Suga kafin karin kumallo 100 zuwa sama, a ma'aunin mg/dL. Sauran biyun kitsen jini ne, sai a ɗakin gwaji. Wanda ke shan maganin ɗaya daga ciki, an riga an ƙidaya masa shi ko da awon ya yi kyau.

Mu nan tumbi alamar hutu ce, har taya Alhaji murna ake yi. Ni kam ba na yi. Kitsen ciki na sakin sinadaran kumburi dare da rana, don haka cutar na tarar da jikin ya riga ya ɗau zafi. Tumbin na danne huhu daga ƙasa idan mutum ya kwanta rigingine. Suga mai yawa na raunana garkuwar jiki, jinin kuma na saurin daskarewa a jijiya. Wani bincike da ya fito a 2021, kan masu korona kusan 29,000 a ƙasashe 26, ya gano cewa masu wannan haɗin sun fi gamuwa da gazawar huhu da mutuwa, kuma duk ƙarin abu ɗaya cikin jerin ƙarin haɗari ne ga huhun.

To, zazzaɓi da tari sun zo. Kowa zai ce maleriya ce, a gwada a gani, amma ko an same ta kada a saki jiki da numfashin. Nemi ƙaramar na'urar nan ta maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini. A ɗumama hannun tukuna, yatsa mai sanyi ƙarya yake sa ta. Baƙin lalle da jan farce ma suna rikita ta, a zaɓi yatsan da ba shi da su. A jira minti guda lambar ta tsaya. Idan ta nuna 92 ko ƙasa, asibiti. A kan baƙar fata na'urar kan ƙara lamba kaɗan, shi ya sa ban cika yarda da 94 ba idan Inna ba ta iya kai ƙarshen magana sai ta tsaya ta numfasa. Akwai kuma wanda iskarsa ta faɗi ƙwarai yana zaune yana ce maka, "Lafiya lau nake, ɗiyata." Auna shi duk da haka.

Suga kuwa hauhawa yake yi da ciwo ko mutum bai ci komai ba. A auna duk bayan awa 4, a rubuta a takarda da lokacin. Ruwa a kai a kai, kunu ko fura ba sukari. 'Yan dubiya za su zo da lemon kwalba katan-katan, a gode musu a ajiye, sai idan awon ya sauka ƙasa da 70. Ya wuce 250 sau biyu a jere, ko ga amai da magagi, a tashi. Mai allurar insulin ba ya dainawa don ya rage cin abinci, likita ne zai daidaita masa. Maganin hawan jini ma a ci gaba. Jita-jitar 2020 cewa lisinofiril, ɗaya daga magungunan hawan jini, na ƙara cutar ba ta tabbata ba. Amma idan amai ko gudawa sun ƙarar da ruwan jiki, a kira likita a ranar, don yakan sa a dakatar da lisinofiril ɗin da metfomin, maganin suga.

Sai deksametazon, maganin kumburi, wanda wasu ke sha don ƙiba. Binciken Jami'ar Oksfod na watan Yunin 2020 ya nuna ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar iskar oksijin. Wanda bai kai ga buƙatar iska ba, bai amfane shi da komai ba, suga kuma yana cilla shi sama. Na ga wanda aka saya wa shi a kemis ya iso mana da suga sama da abin da na'ura ke iya karantawa.

Kafin mota ta zo, a kwantar da shi rubda ciki, ko ta gefe idan tumbin ya hana. A nufi inda ke da oksijin kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, kowa da takunkumi, gilashin mota a sauke. A zuba duk kwalayen magungunansa a leda har da na gargajiya, a haɗa da takardar awon, a miƙa wa likitan farko da aka gani.