Darasi na Tara: Tarin Fukan da Ba Ya Sa Tari

Idan aka ce tarin fuka, ko tibi, abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne mutum ya rame yana tari ba dare ba rana, wani lokaci har da jini a kaki. Gaskiya ne, huhu ne masaukin cutar na farko. Amma ƙwayarta tana iya bin jini ta sauka a ƙashin baya, ko ƙoda, ko marar mace. Na marar shi ne darasinmu na yau, domin yana hana haihuwa, kuma sau da yawa mai shi ko tari ɗaya ba ta yi.

Wani likita ɗan ƙasar Jamus, Robert Koch, shi ya gano ƙwayar a 1882. A iska ake shaƙar ta, idan mai tibin huhu ya yi tari ko atishawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 4 a duniya ya taɓa ɗaukar ta, sai dai yawancinsu ba sa ciwo. Ƙwayar takan yi lamo shekara da shekaru, sai jiki ya yi rauni saboda ƙarancin abinci, ko ciwon suga, ko ƙanjamau, ta farka. Mace na iya shaƙar ta tana yarinya, ba za ta sani ba sai bayan ta yi aure. Don haka kada a zargi kowa. Da wuya ƙwarai a ɗauke ta ta hanyar saduwa.

Ɓarnar da take yi

A kowane gefe na mahaifa akwai bututu siriri, tsawonsa kamar santimita 10, wato bai kai tsawon biro ba. Ta cikinsa ƙwan mace ke bi. A nan yake haɗuwa da maniyyi, sannan wasu 'yan gashi ƙanana da ke cikin bututun su riƙa tura shi a hankali har ya isa mahaifa. Tibin mara kusan kullum da waɗannan bututu yake farawa, kuma yawanci duka biyun yake kamawa. Cikin bututun ya kumbura, 'yan gashin su lalace, wurin ya yi tabo ya toshe. Wani bututun ma ruwa ke taruwa a ciki. Hanya ta rufe ke nan, ƙwai yana can, maniyyi yana nan.

Idan toshewar ba ta cika ba, ƙwan na iya maƙalewa a hanya ya fara girma a bututu. Shi ne cikin wajen mahaifa, kuma yana iya fashewa ya yi kisa. Macen da ta yi ɓatan wata sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, a kai ta asibiti nan take.

Daga bututu cutar kan gangara cikin mahaifa, ta cinye shimfiɗar da ciki ke kamawa. A wasu matan bangon mahaifa har mannewa yake yi da juna.

Yadda ake ganewa

A nan wahalar take. Da yawa ba sa jin komai, rashin haihuwar ne kaɗai ke kai su gaban likita. Wata kuma al'adarta ce ke canzawa: da kwana biyar take yi, yanzu ɗan ɗigo ne a ƙunzugu, kwana ɗaya ya ɗauke, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Akwai ciwon mara da ya ƙi ji ya ƙi gani, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama. Irin wannan macen takan sha maganin sanyi kala-kala ba sauƙi, domin magungunan sanyi da aka saba sha ba sa warkar da tibi.

Idan an shekara ana tare ba tsarin iyali kuma ba ciki, ku je asibiti ku biyu, don shi ma maigida akwai gwajinsa. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki jira a tambaye ki. Idan kin taɓa yin tibi, ko kin zauna gida ɗaya da mai shi ko da kina ƙarama, ki faɗa. Wannan magana ɗaya tana iya sa likita ya duba inda da ba zai duba ba.

Za a iya ɗaukar hoton ƙirji, da hoton mahaifa wanda ake zuba wani ruwa a ga ko zai wuce ta bututun. Akan kuma ɗebi ɗan tsoka daga shimfiɗar mahaifa, yawanci dab da zuwan al'ada, a auna a na'urar gano ƙwayar tibi irin su GeneXpert. Ƙwayoyin ba su da yawa a wurin, shi ya sa gwaji ɗaya kan kuskure su, har a nemi a sake.

Magani

Yana warkewa. Wata 6 ake shan magani kullum: wata 2 na farko haɗin magani huɗu, sauran wata 4 haɗin biyu. Ɗaya daga ciki, rifampicin, yana mai da fitsari ja-ja. Kada ki tsorata, ba jini ba ne. Abin da za ki koma asibiti a kansa da sauri shi ne idanu su yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi. Kuma ko kin ji garau a wata na biyu kada ki ajiye, don ƙwayar da ta saura takan dawo ta daina jin magani.

Ba za mu ɓoye miki ba: magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon da ta riga ta yi. Wadda aka gano nata da wuri ta fi samun damar ɗaukar ciki. Wadda bututunta suka toshe amma mahaifarta na da lafiya, likitoci kan ba ta shawarar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki sannan a dasa mata.

Aikin gida

Ki samu takarda ki ja layi uku. A na farko rubuta ranar da al'ada ta zo, a na biyu kwana nawa ta yi, a na uku ko jinin da yawa ne ko kaɗan. Ki yi haka wata uku a jere, ki tafi da takardar ranar ganin likita.