Yadda Ake Tsara Kuɗin Gida da Fita daga Bashi

Yawancin magidanta suna iya faɗin abin da suke samu a wata, amma ƙalilan ne za su iya faɗin inda kuɗin ya tafi. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗauki wata guda cur ana rubuta duk abin da ya fita daga aljihu, komai ƙanƙantarsa, a littafi ko a waya, ba tare da an yi ƙoƙarin gyara komai ba tukuna. Wanda samunsa yake hawa da sauka, kamar ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu, ya gina lissafinsa a kan watan da ya fi ƙarancin samu.

Idan an ga yadda kuɗin wata guda ya tafi, sai a raba kuɗin kafin a soma kashewa. Akwai rabon da Elizabeth Warren da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka yaɗa a Amurka a shekarar 2005: kashi 50 cikin ɗari na abin da ya rage bayan haraji ya tafi ga buƙatun dole, kashi 30 ga abubuwan marmari, kashi 20 kuma ga ajiya da rage bashi. Ma'auni ne mai amfani, sai dai gidan da abinci da haya suke cinye kashi 70 na samunsa ba zai iya binsa sau da ƙafa ba, kuma babu laifi a fara ajiya da kashi 5. Hidimomin da suke zuwa sau ɗaya a shekara, irin su kuɗin haya, a raba su gida 12 a riƙa ware rabon kowane wata, domin sukan jefa iyali cikin rance.

Ajiya ana cire ta ne ranar da kuɗi ya shigo, a sa ta a asusu dabam wanda hannu ba ya kai masa da sauƙi. Abin da ake so a ƙarshe shi ne a tara abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida idan aiki ya tsaya ko rashin lafiya ta zo. Mai bashi a wuya ya fara tara ɗan abin ko-ta-kwana kaɗan, sannan ya fuskanci bashin.

A rubuta kowane bashi da sunan mai shi, da abin da ya saura, da kuɗin ruwan da ke kansa, da ranar biya. A biya kowanne mafi ƙarancin abin da aka yi yarjejeniya a kai, sannan duk rarar da aka samu a zuba ta a kan guda ɗaya. Wanda za a fara da shi, a ganina, shi ne wanda ruwansa ya fi yawa, kuma dalilin a lissafi yake: idan aka raba 72 da adadin ruwan shekara, za a ga kusan shekarun da bashin zai ninka in ba a taɓa shi ba. Ruwa na kashi 24 yana ninka bashi cikin kimanin shekara 3, na kashi 36 kuwa cikin shekara 2. Wasu sun fi son su fara da bashi mafi ƙanƙanta domin ganin ya ƙare yana ƙara musu ƙwarin gwiwa, kuma duk da cewa hanyar ta fi tsada, ta fi a fara a watsar. Da zarar an gama da ɗaya, kuɗin da ake biyansa da shi ya koma kan na gaba gaba ɗaya.

Idan an hango ba za a iya cika alkawari ba, a nemi mai bin bashin tun kafin ranar ta zo, a roƙi a sake tsara biyan, kuma a rubuta abin da aka amince. Cin sabon bashi don biyan tsoho ba ya da amfani sai idan ruwan sabon, haɗe da duk cajin da ke tattare da shi, ya yi ƙasa da na tsohon.