Yadda Nake Kwantar da Lakar Ruwa da 'Ya'yan Zogale

Da damina ta kankama, ruwan da muke ɗebowa a rafi sai ya koma kamar kunun kanwa. A da alif nake saye, har ranar da Inna ta ce min, "Ke 'yar nan, ga zogale a bayan ɗaki yana zubar da 'ya'ya, kina ta kashe kuɗi?" Ashe tun tuni matan ƙauyukan Sudan da ke bakin kogin Nilu da shi suke gyara ruwan sha.

Ki nemi 'ya'yan da suka bushe a jikin bishiya, ɗanyu ba su da ƙarfi. Ki ɓare baƙin ɓawon nan mai fukafukai, farar ƙwayar ciki ita ce abin nema. A ruwa lita 20 ina sa ƙwaya goma, in ya yi jajir da laka sai na kai ashirin. Ki daka lukui ki tankaɗe. Turmin ya zama wankakke: na taɓa dakawa bayan yaji, ranar kowa ya sha ruwa yana tari.

Sai ki zuba garin a kwalba da kofi ɗaya na ruwa mai kyau, ki girgiza kamar minti biyar, ki tace da farin ƙyalle cikin bokitin ruwan.

A wajen juyawa ne mutane ke ɓata aikin. Minti biyu na farko ki juya da ƙarfi, daga nan ki sassauta hannu, a hankali, har minti goma. Ƙwayar na da wani furotin da ke kama ƙananan ɓurɓushin laka ya dunƙule su har su yi nauyi su nutse. In kika ci gaba da bugu, abin da ya dunƙule sai ya sake watsewa. Ki rufe, kada yara su taɓa, awa ɗaya zuwa biyu, sannan ki tsiyaye na sama cikin randa, ki zubar da na ƙasa.

Hasken ruwan kada ya ruɗe ki. Ƙwayoyin cuta da yawa kan bi lakar ƙasa, amma ba duka ba, shi ya sa ruwan da za mu sha nake tafasa shi. Kuma na yini ɗaya nake haɗawa, don in garin ya yi yawa ko ruwan ya kwana biyu, sai ya fara tsami.